Jan Fenti da Allon Gada

Ina da shekara tara na fara jin sunan. An doke ni a makaranta a kan laifin da ba nawa ba, na dawo gida na ƙi cin abinci, na ce sai malamin ya faɗa a gaban aji cewa ya yi kuskure. Kwana biyu ina wannan taurin kai. A rana ta uku kakata ta dube ni ta tafa hannu, ta ce wa mahaifiyata, "Ke, ki sa ido a kan yarinyar nan. Jinin Jan Fenti ne yake motsi." Mahaifiyata ta yi saurin waiwayen ƙofa, ko kakana yana kusa. Da na tambaya wane ne Jan Fenti, sai aka ce in tashi in wanke kwanuka.

Sai da na kai shekara goma sha bakwai na gano cewa ƙanin kakata ne, ciki ɗaya, kuma shagonsa bai fi tafiyar minti ashirin daga gidanmu ba. Abin da zan faɗa a nan, wani daga bakinsa na ji, wani kuma daga bakin kakata, bayan kakana ya rasu harshenta ya saku.

Sana'arsa rubutun allo. Aji huɗu kawai ya yi a firamare, amma in ya ja harafi sai ka rantse da inji aka buga. Shi yake rubuta allon shaguna da na makarantu da bayan manyan motoci, kuma sunansa yana cikin jerin masu yi wa ma'aikatar ayyuka aiki. Duk kanun rubutu da ja yake yi, farcen babban yatsansa bai taɓa rabuwa da ja ba, daga nan laƙabin ya bi shi har aka manta sunansa na yanka.

Mutum ne mai son ƙasarsa, irin son da yake ba abokai dariya. In aka sa taken ƙasa a rediyo yana tsakar aiki, sai ya miƙe ƙiƙam, burushi yana ɗiga a kan takalminsa. Duk makarantar da ke unguwar shi ya zana mata tuta a bango, kyauta, kuma duk shekara yana komawa ya sabunta. Mai walda na kusa da shi yakan tsokane shi, "Wai kai ƙasar nan me ta ba ka ne, ban da ciwon baya?" Shi kuwa sai ya ce, "Kai uwarka kana tambayarta me ta ba ka?"

Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya. Ya rene ta a cikin warin fenti har ta yi karatu ta zama malamar firamare. Tun daga ranar da ta fara koyarwa bai sake kiran sunanta ba, sai Malama, ko a gida.

Tsakanin unguwarsu da makarantar akwai rafi. Da rani yara suna tsallakewa da ƙafa, da damina kuwa sai an yi dogon zagaye. Da gwamnati ta gina gadar ƙafa a wurin, Jan Fenti ya fi kowa murna, kuma shi aka ba rubutun allon da za a kafa a bakinta. Kwana uku ya yi a wurin. A rana ta farko ya jingina tsaninsa da ginshiƙin gadar, sai ya ga siminti yana zubowa kamar busasshiyar ƙasa. Ya sa farce ya kankara, ya ci gaba da zuba. Ta wani gefe da ba a gama shafewa ba ya hango rodin da aka sa, sirara, ba su fi waɗanda ake yin tagar ɗaki da su ba. Ya yi wa magini magana. Magini ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Malam, yi fentinka mu yi simintinmu."

A rana ta uku injiniyan ma'aikata ya zo da mota. Bai taka kan gadar ba. Ya tsaya gaban allo ya karanta, ya ce sunansa ya yi ƙanƙanta, a ƙara masa girma ya kai na ɗan kwangila. Jan Fenti ya buɗe baki zai yi maganar ginshiƙi, sai ya tuna jerin nan na ma'aikata, ya tuna yadda ake goge sunan mutum a cikinsa ba tare da an gaya masa dalili ba. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya ƙara wa sunan girma. Ya rubuta layin ƙarshe da ja, cewa an duba wannan gada an tabbatar da ingancinta. Sannan ya sa 'yar alamarsa a kusurwa, kamar yadda yake yi wa duk aikin da ya fito daga hannunsa.

A damina ta biyu gadar ta karye. Da safe ne, ruwa ya kwana yana zuba, Malama tana gaba tana riƙe da hannun ƙananan yara biyu, sauran suna biye. Ita da yara biyar ruwa ya tafi da su. Sai washegari aka same ta can wajen lambuna, da hannun yaro ɗaya har lokacin a cikin nata. Allon kuwa yana nan tsaye ko gezau, don Jan Fenti ne ya haƙa ramukan ƙafafunsa da kansa, ya zuba dutse. Ya taɓa ce mini, "A duk aikin nan allon ne kaɗai aka yi da gaskiya, shi kuma ƙarya ce a rubuce a jikinsa. Da hannuna."

An kafa kwamiti. Bayan wata huɗu kwamiti ya ce ruwan bana ya fi ƙarfin lissafi, ƙaddara ce. Jan Fenti ya rubuta takarda ya bayyana abin da ya gani, ya kai ma'aikata. Sau goma sha ɗaya yana zuwa. Wanda yake karɓar takarda a bakin ƙofa kuwa ba kowa ba ne illa kakana, mijin yayarsa, wanda yake masinja a wurin. Kullum sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida ba ya nan." Kafin shekara ta zagayo aka ƙara wa injiniya girma. Kowa ya zo sai ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Jan Fenti ya daina amsawa. Ya daina miƙewa in an sa taken ƙasa, amma bai taɓa kashe rediyon ba.

Sai aka ce wani babba zai kawo ziyara, kuma motarsa za ta bi ta bakin rafin. Aka ga bai dace ya ga allo yana cewa an tabbatar da inganci a gaban gadar da ta karye ba. Aka ce a shafe shi da fari. Akawu ya buɗe jeri ya ga mai fentin da ke kusa da wurin, ya rubuta takarda, bai ko tambayi 'yar wa ta mutu ba. Kakana ne ya kawo takardar shago. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya ta a hannu, ya ce, "Ka bari in mayar, in ce ba ka da lafiya."

Jan Fenti ya karɓa ya karanta sau biyu. Ya ce, "Aikin ƙasa ne. Yaushe na taɓa ƙin aikin ƙasa?"

Akwai abin da duk mai fenti ya sani, wanda mutanen ofis ba su sani ba. Kwalta ba ta kwanciya a ƙarƙashin fenti. Ko sau nawa ka shafa fari a kanta, da zarar rana ta gasa ta sai ta narke a hankali ta ratso, ta fito da launin tsohon jini. Maganinta ɗaya, a kankare ta har ƙarfe. Jan Fenti ya samo kwalta ya narka da kananzir, ya ɗauki ƙaramin burushinsa. Ya bi sunan ɗan kwangila harafi bayan harafi, ya bi na injiniya, ya bi layin ƙarshe, ya bi alamarsa ta kusurwa. A ƙasa, inda da babu komai, ya rubuta sunayen yaran nan biyar, sannan na Malama. Ya bari ta sha iska. Ya shafa fari sau uku, fes, har akawu ya zo ya yaba. Babba ya zo ya wuce bai ga komai ba.

Bayan mako biyar rana ta yi aikinta. Da farko kamar inuwa, sannan haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da mutane suka ga sunayen yaran, waɗanda kowa ya san ba sa jikin allon a da, sai unguwa ta ruɗe. Wasu suka ce aljanun rafi ne, wasu suka ce ishara ce. Iyayen yaran suka riƙa zuwa suna shafa sunayen da hannu. Da Jan Fenti ya yi shiru da babu wanda zai kama shi. Amma da ya ji ana ba aljanu aikinsa, sai ya je bakin rafin ya tsaya a cikin taro, ya ce, "Ba aljani ba ne, ni ne. Ku gaya wa mai sunan can na sama ni ne."

Ma'aikata ta turo wani mai fentin. Ya shafa fari ya tafi, bayan wata guda sunaye suka dawo. Aka turo wani, haka. Sau huɗu. Duk cikinsu babu wanda bai san a kankare ake yi ba, kuma babu wanda ya faɗa. Na ƙarshen da aka tsare shi da tambaya cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, ni dai fari aka ce in shafa, na kuma shafa." Daga ƙarshe aka kawo mota aka tumɓuke allon, aka tafi da Jan Fenti.

Kwana tara ya yi a tsare. Babban ɗan sandan wurin, wanda 'ya'yansa suke karatu a ƙarƙashin tutar da Jan Fenti ya zana, ya tambaye shi, "Kai da kowa ya san ka da kishin ƙasa, me ya sa kake tona mata asiri?"

Ya ce, "Yallaɓai, in zanen uwarka ya kwance a tsakiyar kasuwa, wa ya kamata ya fara gaya mata? Ni na ga ya kwance na yi shiru, don kada a ce na cika baki. Ka ga abin da shirun ya saya mini."

Aka sake shi, aka goge sunansa daga jeri. Amma ba shi kaɗai ya sha ba. Aka ce kakana ne ya kai takardar, ya san ko wane ne, bai faɗa ba, don haka da shi aka haɗa baki. Shekara goma sha tara yana aiki, aka sallame shi da takarda mai layi uku. Ya koma gadi a wurin masu sayar da katako, da 'ya'ya bakwai a gida. Mahaifiyata a shekarar ta bar makaranta. Ranar da aka sallame shi kakana ya rantse ba za a sake ambaton sunan mutumin nan a gidansa ba.

Kakata ta saci jiki sau ɗaya ta je shagon. Ta ce, "To, ka rama. Ka huta?"

Ya ce, "Yaya, ban ma fara ba."

Ta ce, "Da cikin 'ya'yana ka rama, ba da na injiniya ba. Shi ko ramewa bai yi ba."

Ta ce mini ya daɗe yana kallon ƙasa. Ta jira ya ce ta yi haƙuri, bai ce ba. Ta tafi, ba su sake haɗuwa ba sai bayan shekaru da yawa.

Bangon shagonsa yana kallon titin da motocin ma'aikata suke bi safe da yamma. Nan ya mayar da rubutun allon. Ya zana tuta a sama, a ƙarƙashinta sunayen masu laifi da ja, nasa na uku, sannan na mamatan. Bango nasa ne, babu mai tumɓukewa. An watsa masa baƙin mai sau biyu, ya wanke ya sake. Duk farkon damina yana sabuntawa. Ɗan kwangila ya bar garin. Injiniya kuwa ya sa direbansa ya riƙa bin wata hanya mai nisa.

Ranar da na fara zuwa, na same shi zaune a kan benci, gwangwanaye jere a bayansa, burusai a jiƙe cikin kwalbar kananzir, hoton Malama a saman rediyo. Ya kare ido da hannu ya dube ni, ya ce, "Wace tsohuwa ce wannan ta ɓato hanya?" Kafin in buɗe baki ya ce, "Bari, na gane kunnuwan. Duk zuriyarmu babu wanda ya tsira da su. Mijin Yayata yana nan da fushinsa?"

Na ce yana nan.

Ya ce, "Madalla. Ashe ba ni kaɗai na iya riƙo ba."

Daga nan na riƙa zuwa duk Asabar, a gida a ce ina wajen ƙawata. Ina nan wata Asabar da hantsi wata mota ta tsaya, wani tsoho ya fito da sanda, direba yana tallafe da shi. Jan Fenti ya gane shi tun kafin ya ƙaraso. Bai tashi ba, bai ba shi benci ba. Da tsayuwar ta yi tsawo sai ya tura masa wani babban gwangwanin fenti da ƙafa. Injiniya ya dubi farar rigarsa, ya dubi gwangwanin, ya zauna.

Ya ce, "Malam, mun tsufa. Shekara ashirin da shida ke nan."

"Da wata biyu."

"Jikata ta shiga makarantar da ke bayan nan. Ta iya karatu yanzu. Shekaranjiya ta tambaye ni me ya sa sunana yake jikin bango tare da na matattu."

"Yarinya mai ƙoƙari. Me ka ce mata?"

Injiniya ya gyara zama a kan gwangwanin. Ya ce, "Na zo in roƙe ka ka yi wa Allah ka goge. Duk abin da kake so, ka faɗa."

Jan Fenti ya ce, "Abu ɗaya ne, kuma ba shi da tsada. Ka rubuta da hannunka cewa ba ruwa ne ya kashe su ba, an rage rodi, an rage siminti, ka sa hannu ba ka duba ba. Mu tafi gidan rediyo tare. Kai ka karanta naka, ni in faɗi nawa, cewa na gani na yi shiru. Mu dawo, in ba ka burushi ka shafe da kanka."

"Ba ni kaɗai ba ne. Waɗanda suka sa ni, 'ya'yansu ne a kan kujeru yanzu. Ina da iyali."

"Ka ji daɗi. Ni nawa ga shi can a saman rediyo."

Injiniya ya juya ya dubi hoton, ya kawar da kai. Ya ce, "Ramuwa ba ta dawo da mamaci."

"Ba ta dawo da shi. Amma tana hana mai rai barci, ni kuwa abin da nake nema ke nan."

Tsohon ya yunƙura, direba ya ɗaga shi. Bakin gwangwanin ya bar masa jan zobe a bayan riga. Na buɗe baki zan gaya masa, Jan Fenti ya harare ni, na yi shiru.

Bayan wata bakwai injiniya ya rasu, bai rubuta komai ba. Jaridu suka ce ƙasa ta yi rashin ɗa nagari. Jan Fenti ya sa na karanta masa har ƙarshe, sannan ya aika aka sayo sabon gwangwanin ja. Tsufa ya ci ƙarfinsa a lokacin, sai da ya yi kwana huɗu a kan sunan, kuma ya ƙara masa girma. Na ce, "Kaka, mutumin nan ya mutu. Yarinyar da take wucewa ba ta yi maka komai ba."

Ya ce, "Shi ya ce sunansa ya yi ƙanƙanta."

Har yau ban gama yanke hukunci a kansa ba. Na san abin da ramuwarsa ta ci a gidanmu, ina ganinsa duk lokacin da mahaifiyata ta miƙo mini takarda in karanta mata. Na kuma san cewa an sake gina gada a rafin, kuma maginan da suka yi aikin sun ce wanda ya duba ta sai da ya auna rodi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa shi ba ya son sunansa ya hau bangon tsohon nan. Yara suna bi ta kanta har gobe.

Jan Fenti ya rasu bara. A wajen zaman makoki na yi abin da ya sa kakata ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Wani dattijo ya tashi yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, ya yafe wa kowa kafin ya cika, sai na ɗaga murya daga cikin mata na ce ba haka ba ne. Dalili kuwa, wata uku kafin nan, yana kwance a ɗakin bayan shago, ya kira ni ya ce in matso.

"Tsohuwa, zan ba ki aiki, don duk gidan ke ce mai kunnen ƙashi. In na mutu za su taru su gyara ni. Za su ce na haƙura, na bar wa Allah, don kowa ya tashi da zuciya fara. Yayata ma za ta so a ce haka. Ita ki ce mata na san abin da na ja wa 'ya'yanta, kuma ita kaɗai nake roƙo ta yafe mini. Amma sauran, kada ki bari wani ya yi yafiya da bakina. Ki tashi ki gaya musu ban yafe ba."